Karta Ba Baki: Sharhi a Kan Belot da Whot na Cikin Salula

Gabatarwa

Duk sa'ad da aka tada zancen karta a wajenmu, mutane gida biyu suke rabuwa. Gida na farko su ce caca ce, ɓata lokaci ce, sana'ar wanda ba shi da sana'a. Gida na biyu su ce ai nishaɗi ne, a bar samari su sha iska. Tun da karta ta shiga salula kuma sai ga gida na uku ya fito, masu cewa yanzu an waye: ba rigima, ba maguɗi, ba zaman bakin titi har tsakar dare, kowa ya yi wasansa a ɗakinsa ya kwanta. Da mutanen gida na ukun nan nake da magana.

Karatun ilimin harshe nake yi, saboda haka kunne na fara kai wa karta kafin ido. A babban hutun da ya wuce na zazzauna a fadodin samari a Birnin Konni da Malbaza da Illela, ina saurare ina rubuta abin da ke fitowa daga bakin masu wasa. Bayan haka na sauke manhajoji biyar a salulata, abin da mu a nan muka fi kira aplikasiyo, uku na belot biyu na Whot, na buga su makonni da dama. Ba zan kama sunan ko ɗaya ba, don ba tallar kowa nake yi ba, kuma abin da na tarar a cikinsu kusan iri ɗaya ne.

Hukuncina a taƙaice shi ne, manhajojin nan sun kwashe dokokin wasa tsaf, sun bar maganar wasa a kan tabarma. Maganar nan kuwa ita ce rabin wasan, kuma ita ce linzamin da ke hana shi zarcewa zuwa caca. In mai karatu ya ga kamar na tsananta, to ya biyo ni mu duba.

Karta biyu a bakin iyaka

Konni gari ne mai kunne biyu. Ɗaya na sauraren Yamai ta babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, ɗaya na sauraren Sakkwato, wadda ba ta kai kilomita 100 ba daga nan. Ƴan kilomitoci kaɗan kudu da gari ga Illela ta Najeriya da babbar kasuwarta. Arewa kuma, ta wajen hanyar Tawa, ga Illela tamu, mazaunin Sarkin Adar. Sefa da naira suna kwana a aljihu ɗaya. To ba abin mamaki ba ne karta ma ta zo mana iri biyu.

Ta farko ita ce belot, wadda ta bayyana a Faransa wajen 1920, ta biyo ma'aikata da sojoji da ƴan lakwal zuwa ƙasashen da Faransa ta mallaka. Mutum huɗu ke yin ta, biyu-biyu, kowa na fuskantar abokinsa. Karta 32 ce, daga bakwai zuwa as. A launin da aka zaɓa ya zama atu, wato mai cin sauran launuka, bale ne babba da maki 20, tara na bin sa da 14, as 11, goma 10, sarki 4, dam 3. A sauran launuka bale ya faɗo ya koma maki 2, tara kuwa ko ɗaya ba ta da shi. In aka tara duka, aka haɗa da goman da ake ba wanda ya ci zagayen ƙarshe, maki 162 ke nan. Wasa ne na lissafi da riƙe abu a kai da sanin halin abokin tafiya.

Ta biyu ita ce Whot, wadda wani Bature ɗan Ingila mai suna William Henry Storey ya ƙirƙira a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya riƙa buga ta. A Ingila ta dusashe, a Najeriya ta samu gida. Karta 54 ce, alamu biyar: ƙwallo, kuros, angul, kafet da tauraro, sai karta biyar masu lamba 20 da ke ba mutum damar kiran alamar da yake so. Babu shida babu tara a cikinta. Ba a tara maki don a ci. Wanda ya riga kowa zubar da abin da ke hannunsa shi ya yi nasara.

Abin da na lura da shi, irin kartar da fada ke bugawa na nuna inda fuskarta ta dosa. A Malbaza, garin da ke da kamfanin siminti tun shekarun 1960, fadodin ma'aikata da malaman lakwal belot suka fi riƙewa. A tashar Konni, wajen ƴan kabu-kabu da masu tsallaka iyaka safe da yamma, Whot ce ke tashe. A Illela kuma, inda kusan kowane gida yana da ɗan ci-rani a Abijan ko Legas ko wata ƙasa, na tarar da duka biyun, har da wit amerikan, wadda ƴar uwar Whot ce a tsari sai dai da kartar Faransa ake yin ta. Mutum ɗaya ya kan iya duka ukun, kamar yadda ya iya canjin naira da sefa a kai.

Yadda Hausa ta haɗiye su

Mu fara da sunan kansa. Karta, kati da takarda ƴan gida ɗaya ne. Asalinsu kalma ce ta Girkanci da ta shiga Latin da ma'anar abin rubutu. Takarda ta iso mu ta hamada, ta bakin Abzinawa, shi ya sa take ɗauke da ta- a gaba irin na kalmomin mata a harshensu. Kati ta Ingilishi ta shigo. Karta kuwa siffarta ta fi kama da ta Faransanci da danginsa. Baƙo ɗaya ya yi mana sallama sau uku ta ƙofa uku, kowace shigowa muka ba shi ɗaki dabam.

Haka Hausa ke yi da baƙi, kuma a kan tabarmar karta ana ganin aikin ƙuru-ƙuru. Harshenmu ba shi da sautin v, shi ya sa muke cewa direba da talabijin, shi ya sa yaron sarkin karta ya zama bale. Harshenmu ba ya son baƙaƙe biyu su haɗu a farkon gaɓa, shi ya sa muke cewa burodi, shi ya sa launin ganye ya zama tirefil. Sautin p kuma shi ne ma'aunin lakwal: wanda ya yi karatu ya ce pik, wanda bai yi ba ya ce fiki, dattijon da ke cewa tahi da zahi kuma ya kan kai ta har hiki. A zama ɗaya za ka ji ukun, ba wanda ya gyara wa wani. Ɓangaren Whot ma haka: holon ga lamba ɗaya mai tsayar da na gaba, piktu ga lamba biyu, janar maket ga sha huɗu mai tura kowa ya ja, laskat, cekof.

Amma aron suna ba shi ne abin sha'awa ba, kowane harshe na yi. Abin sha'awa shi ne aikatau, domin a nan Hausa ba ta cika ara ba. Ana raba karta, ana yanka ta, ana jan ta, ana aje ta, ana kashe ta. Tulin kartar da ake ja a Whot kasuwa ce, sai ka ji an ce, “Tahi kasuwa, Alhaji, ka sawo muna!” Uwa-uba kuma aikatau ci. Wanda ya karanta tsarin azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960 zai ga darasin gaba ɗaya a wasa guda. An ci zagaye. An ciyo maki, wato an ci an kawo gida. An ciyar da abokin wasa, wato an jefa masa goma ko as a kan zagayen da ya riga ya kama. In kuwa ɓangare ɗaya ya kwashe zagaye takwas ɗin duka, abin da Faransawa ke kira kapo, wanda ke kai maki 252, to an cinye. Aji na huɗu, mai nuna aiki ya ƙare ƙaf bai bar saura ba. Kalmar kapo na nan ana faɗin ta, amma in ana son abin ya yi zafi, “mun cinye ku” ake cewa.

Akwai kuma wasa da kalma. Sunan sarkin karta da Faransanci, in ya shigo bakin Bahaushe, ruwa yake komawa. Daga nan ƙofa ta buɗe. Mai riƙe da sarki ya ce damina ta sauka gare shi. Wanda aka kashe wa sarki da ƙaramin atu a ce masa rijiyarsa ta ƙafe. Wanda ba shi da ko ɗaya ya watsa hannu ya ce, “Ni ba ruwana.” Wannan ba Faransanci ba ne, ba kuma fassara ba ce. Abu ne da aka haifa a nan, tsakanin harsuna biyu, kuma babu shi a ko ɗaya daga cikin manhajojin da na gwada.

Inda faɗa ya zama aiki

Ferdinand de Saussure, a littafin da aka tattara daga darussansa aka buga a 1916, ya kwatanta harshe da darar Turawa. Ra'ayinsa shi ne, ko da itace aka sassaƙa ƴaƴan dara ko da hauren giwa, wasan bai sake ba muddin doka na nan. Masu ƙera manhajar karta kamar ɗalibansa ne na gaban aji: a wurinsu takarda ko gilashi duk ɗaya, doka ita ce wasa. Matsalar ita ce, a karta wani sashe na dokar da baki ake cika shi.

A nan J. L. Austin ya fi amfani. Shi ne ya nuna, a littafinsa na 1962, cewa akwai maganar da ba labari take bayarwa ba, aiki take aikatawa, kamar “na yafe” ko “na sayar” ko “na karɓa” a wajen ɗaurin aure. Karta cike take da irinsu. Mai sarki da dam na atu yana da maki 20, amma sai ya ce “belot” lokacin aje na farko, ya ce “rebelot” lokacin aje na biyu. Ya yi shiru, makin ya tafi. Mai Whot da ya rage masa karta ɗaya bai ce “laskat” ba, aka kama shi, kasuwa zai koma. “Na ɗauka” a belot alkawari ne, mutum ya ɗaure kansa da abokinsa cewa za su fi abokan hamayya maki, in ba haka ba su faɗa ciki. Magana zarar bunu ce, kuma ƴan karta sun fi kowa sanin haka.

To me manhaja ta yi da wannan? A uku daga cikin biyar ɗin, na'ura ce ke sanarwa da kanta: ka aje sarki, rubutu ya fito, maki ya hau. A sauran biyun an mai da sanarwar maɓalli. Ta haka an cire mantuwa, an cire kamun mai mantuwa, an cire gardamar ko ya faɗa ko bai faɗa ba, wadda ke tilasta wa ƴan kallo su ba da shaida. Mai ƙira zai ce ya sauƙaƙa. Ni ina ganin ya cire wani gwani daga fili, wato mai natsuwar da ke riƙe lissafi a kai yana kuma riƙe bakinsa, ana tsokanarsa ta ko'ina bai manta abin da ya kamata ya faɗa ba.

Sai maganar da doka ta hana. A belot ba a yarda mutum ya gaya wa abokinsa abin da ke hannunsa ba. Wannan hanin shi ya haifi zaurance da habaici. Wani ya yi tari, wani ya tambayi mai shayi ko sukari ya ƙare, wani ya kawo zancen tsadar albasar Galmi ba gaira ba dalili. Abokan hamayya kuma kunnensu a tsaye, da sun ji ƙanshin saƙo sai ka ji, “Ban da magana, Mushe! Mi kaka nuhi da albasa?” Rabin lokaci ma ba saƙon komai, ruɗi ne kawai. Wasa na biyu ke nan a cikin na farko, wasan fassara niyyar mai magana, abin da muke zama a aji muna kira nazarin ma'ana a muhalli.

Akwai kuma maganar da ba ta ɗauke da saƙo ko kaɗan, wadda Bronislaw Malinowski ya bayyana tun 1923 a matsayin maganar ƙulla zumunci. Kirari, gori, tsiya, ba'a. Bagobiri ya samu Bazabarme a gabansa, ko Bafillace ya samu Babarbare, sai wasan karta ya koma filin taubasantaka, al'adar da UNESCO ta sa a jerin gadon ɗan Adam da sunan Nijar a 2014. “Taubashi, wanga hannu naka ko na mai talla!” A littafin da Adeline Masquelier ta fitar a 2019 a kan fadodin Nijar, ta nuna cewa zaman shayi da hira hanya ce da samari marasa aiki ke ba jiransu fasali da mutunci. Karta na cikin kayan wannan aiki, kuma da baki take yin sa.

Abin da manhaja ta bayar a madadin duk wannan shi ne ƴan fuskoki masu dariya da kuka, da jimloli shiryayyu da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, da Faransanci ko Ingilishi: ka yi ƙoƙari, na gode, yi sauri. Na cika shafi goma sha ɗaya na littafina da maganganun fada. Na manhajoji biyar ɗin a haɗe ba su cika rabin shafi ba.

Abin da manhaja ta yi daidai

Kada a ce na zo da wuƙa kawai. Manhaja ta iya lissafi, ba ta kuskure, ba ta son kai. Duk wanda ya taɓa ganin abota ta yi tsami a kan maki goma ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ta kuma gyara rabo. A fadodi da yawa ba a gauraya kartar belot tsakanin rabo da rabo, yankawa kawai ake yi, sai mai wayo ya riƙe yadda aka tattara zagayen baya ya san inda bale zai faɗa. Ga tsohuwar karta da kowa ya haddace tabonta, as mai karyayyen kunne, tara mai ɗigon shayi. Baƙo ya zauna, an gama da shi tun kafin ya ɗauki hannunsa. A salula wannan babu.

Na biyu, manhaja malama ce mai haƙuri. Sabon shiga a fada da gori yake koyo, wani ma gorin ke korar sa. A salula zai faɗi sau ɗari ba wanda ya yi masa dariya.

Na uku shi ya fi nauyi a wurina. Fada ta maza ce. Yarinya ba ta zama a bakin titi ta raba karta, in ta yi kuwa garin zai kwana da zancenta. A jami'a na san ɗalibai mata da suka iya belot fiye da yawancinmu, kuma a salula suka koya. Duk wanda zai yabi tabarma ya tuna cewa rabin jama'a ba a taɓa shimfiɗa musu ita ba. Wannan ƙofa manhaja ce ta buɗe ta, kuma ban ga dalilin rufe ta ba.

Caca da sabon sunanta

Yanzu mu koma kan zargin gida na farko. Caca haramun ce, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta yanke magana. Hukuncin wasan da ba kuɗi a ciki kuma fagen malamai ne, ba nawa ba. Nawa shi ne in duba yadda harshe ke raba biyun.

Ba zan ce ba a caca da kartar takarda ba. Ana yi, a bayan tasha, a kangaye, kowa ya san wuraren. Amma lura da cewa ɓuya ake yi. Kalmar caca na da nauyi, ɗan caca ba a ba shi mata cikin daɗin rai, ba a ba shi ajiya. A fadar unguwa, in wani ya ce a sa dala ashirin-ashirin don wasa ya yi armashi, akwai wanda zai ce, “A'a, wanga ba wurin caca ba ne.” Da an kira abin da sunansa, ya mutu. Ga shaidu kuma: ƙanen wani na zaune, kawun wani zai wuce, mai shayi ya san uban kowa. In aka kira salla ana kife karta. In dare ya yi nisa wani dattijo zai leƙo ya ce, “Ku yaran nan, ba ku da gobe?” Duk wannan linzami ne, kuma da magana ake jan sa.

A manhajojin da na gwada ba za ka taɓa ganin kalmar caca ba, da kowane harshe. Abin da za ka gani shi ne jeto, wato kuɗin wasa na bogi. Kullum ana ba ka kyauta. Akwai wata ƙafar sa'a da kake juyawa ta ƙara maka. Kafin ka zauna a tebur sai ka zuba jeto, wanda ya ci ya kwashe, kuma teburan hawa-hawa ne, kowane na sama ya fi na ƙasa tsada. In naka suka ƙare, ko ka kalli talla, ko ka jira gobe, ko ka saya da kuɗin gaske. In ka tashi ana tsakar wasa, ko da ladan ne ya kira, ka yi asarar abin da ka zuba, na'ura ta hau kujerarka abokinka ya ci gaba da ita. Agogo na ƙirga maka daƙiƙu, ka yi jinkiri ta jefa maka karta.

Gaskiya ne a waɗanda na gwada jeto ba ya komawa kuɗi, saboda haka mai ƙira zai ce ba caca yake yi ba. Na ji. Amma ɗalibin harshe ya san ana gane jimla da gininta ko an sake mata kalmomi. Zuba, ci, faɗi, rama, ƙara zubi: ginin caca ke nan, sunaye kawai aka sauya, aka sa kyauta da lada da matsayi. Yaro ɗan shekara goma sha uku na koyon wannan gini a ƙarƙashin bargo, ba ƙane ba kawu ba mai shayi. Tallace-tallacen da ke faɗowa tsakanin wasa da wasa kuwa, da yawansu na cacar ƙwallo ne, inda kuɗin na gaske ne. Masu wa'azi na nan suna faɗa da samari huɗu da ke zaune a fili kowa na ganin su, alhali abin da suke tsoro ya riga ya shige ɗaki ya rufe ƙofa.

Mun ma ga gwaji ba da niyya ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasar nan, abin bai warware ba sai a farkon 2024. A watannin nan cajin salula ya zama abin tattali, ba mai ƙona batir a kan wasa. Tsofaffin karta suka fito daga ƙarƙashin katifa. Harkar iyaka ta tsaya, aljihu ya bushe, amma fada ta cika, kuma wanda ya zauna a Konni lokacin ya san hirar da aka yi a kan tabarmar nan ta rage wa mutane da yawa nauyin zuciya. Wasan da ba ya buƙatar reso ko kiredi, sai mutum huɗu da fitila, yana da wata daraja da ba a gani sai ranar da wuta ta ɗauke.

Kammalawa

A watan Maris na 2025 sabon kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Mun yi murna, mun yi muhawara. Amma harshen ƙasa ba a takardar gwamnati kaɗai yake rayuwa ba. In saurayi na yin awa biyu ko uku kullum a cikin wasan da ba ya ce masa uffan da Hausa, kuma ba ya barin shi ya ce uffan, to waɗannan awowi an cire su daga rayuwar harshen.

Fassara maɓallai ba za ta wadatar ba. In aka ba na'ura aikin, za ta kira kor zuciya, ta kira bale bara, ta kira kasuwa tari, ta fito da Hausar da ba wanda ya taɓa bugawa da ita. Kalmomin gaskiya suna bakin ƴan wasa, kuma sun bambanta daga Konni zuwa Maraɗi zuwa Damagaram. Ƙera wasan kuma ba gagara ba ne: kamfanin Maliyo Games na Legas ya fitar da Whot King, wanda ba ya cikin biyar ɗin da na yi sharhi a kansu, na kawo shi ne don a ga cewa ƴan Afirka na yin wannan sana'a. Muna da masu karatun kwamfuta a jami'o'in Yamai da Tawa da Maraɗi. Manhajar da zan yaba ita ce wadda za ta bar mutane huɗu su ji muryar juna, ta bar su su zaɓi dokar fadarsu, ta bar sanarwa a bakin ɗan wasa, ta yarda a kife karta a je salla a dawo, kuma ba jeto a cikinta.

Kafin a kai can akwai aikin da ke hannunmu, mu ƴan wannan ƙungiya. Kowa na da gari, kowa na da fada ko tsakar gida inda ake wasa. A hutu mai zuwa kowa ya tafi da littafi da biro, ya nemi izinin masu wasa, ya rubuta sunayen karta da kiraye-kiraye da ba'a yadda aka faɗe su, da karin harshen wurin, kada ya gyara su zuwa Hausar Kano. Ƴan'uwa mata su rubuto mana abin da ake faɗa a ɗakunan kwanansu, domin wannan ɓangaren ni ba ni da hanyar jin sa. In mun dawo mu haɗa, mu buga a fitowa ta gaba. Nawa shafi goma sha ɗayan na nan, duk mai so ya zo ya kwafa.